Bajintar Motocin A-kori-kura a Tallan Talabijin: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ke kallon tallace-tallacen motoci a talabijin ko a YouTube ya sha ganin motar a-kori-kura tana jan jirgin sama, ko tana keta kogi, ko tana tashi sama daga kan tudun yashi ta dira lafiya kamar ba a yi komai ba. Mafi yawan irin waɗannan tallace-tallace a Amurka ake shirya su, domin a can ne kamfanonin Ford da Chevrolet da Ram da Toyota ke gogayya mai tsanani a kan wannan kasuwa. Ga amsoshin tambayoyin da masu kallo suka fi yi a kansu.

Shin da gaske ake yin waɗannan abubuwa, ko kuwa aikin kwamfuta ne?

Da yawa daga cikin waɗanda suka fi shahara da gaske aka yi su, a gaban shaidu, kuma da mota irin wadda ake sayarwa a kasuwa. Akwai waɗanda aka haɗa da kwamfuta tun daga farko har ƙarshe, kamar tallan Nissan Frontier na shekarar 2011 wanda ya nuna jirgin fasinja yana ɗora hancinsa a bayan motar yayin sauka, akwai kuma 'yan kaɗan da aka yi maguɗi a cikinsu har hukuma ta shiga maganar. Sai dai a ganina tambayar da ta fi amfani ga mai kallo ita ce ta abin da bajintar ta tabbatar, domin abu yana iya faruwa da gaske ba tare da ya nuna ƙarfin da ido ya ɗauka ya nuna ba. Masu shirya talla sun san wannan sarai, shi ya sa suke zaɓen gwajin da ke da ban tsoro a ido alhali yana da sauƙi a lissafi.

Ta yaya mota mai nauyin tan biyu da rabi ta ja kumbon sararin samaniya?

Wannan ya faru a ranar 12 ga Oktoba, 2012, a birnin Los Angeles, lokacin da ake kai kumbon Endeavour daga filin jirgin sama zuwa Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya, tafiyar kusan kilomita 19 a cikin titunan gari. Da aka iso gadar titin Manchester da ta ratsa saman babbar hanya mai lamba 405, sai aka sauke kumbon daga manyan injinan da ke ɗauke da shi saboda ƙa'idar nauyin gadar, aka mayar da shi kan wani abin ɗauka mara nauyi, aka ɗaura wa Toyota Tundra mai inji lita 5.7. Nauyin kumbon da abin da yake kai ya tasam ma tan 132, alhali abin da kamfanin ya amince motar ta ja bai wuce tan huɗu da rabi ba. Ta ja shi nisan kusan mita 400 cikin kimanin minti biyar, wato saurin tafiyar mutum a ƙasa.

Sirrin yana cikin taya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli ɗan garuwa ya riga ya san shi. Kurarsa tana ɗauke da jarka goma ko goma sha biyu, kowace lita 25, nauyin da ya ninka nasa sau huɗu ko biyar, kuma ba zai iya ɗaga shi daga ƙasa ba. Amma a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, da zarar ya dage ya tayar da ita, da hannu ɗaya ma yana iya tura ta yana amsa gaisuwa. Bari ya shiga lungu mai yashi, ko ya iso ɗan tudun bakin kwalbati, nan take za ka ga ya sunkuya, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana neman yaro ya taya shi. Nauyin ruwan bai sauya ba, ƙasar da ke ƙarƙashin tayar ce ta sauya.

Tayar roba mai cikakkiyar iska a kan lafiyayyar kwalta tana buƙatar ƙarfin ja da ya kai kimanin kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyin da take ɗauke da shi. Saboda haka tan 132 a kan hanya mai bai ɗaya yana neman ƙarfin da bai fi na tan ɗaya da rabi zuwa biyu ba, wanda mota mai ja da ƙafa huɗu a ƙaramar giya za ta iya bayarwa. Da a ce hanyar tana da hawa na kashi biyar cikin ɗari kacal, da tudun kaɗai ya ƙara ƙarfin fiye da tan shida da rabi a kan lissafin, da kuwa tayoyin motar sun yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi.

To, taragun jirgin ƙasa da motar Ford ta ja fa?

Wannan ya fi na kumbon girma a lamba, amma ya fi shi sauƙi a aiki. A watan Yuli na 2019 kamfanin Ford ya fitar da bidiyon samfurin gwaji na F-150 mai aiki da lantarki, babbar injiniyar motar, Linda Zhang, tana tuƙi, inda ta ja taragu goma masu hawa biyu nisan kusan mita 300. Daga baya aka loda motoci 42 a cikin taragun, nauyin ya kai kimanin tan 567, ta sake ja. Tayar ƙarfe a kan layin dogo ba ta lotsewa kamar roba, don haka turjiyarta ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na nauyin ba. Idan aka buga lissafi, ƙarfin da ake nema domin taragun su ci gaba da gangarawa yana kusa da kilo 850, duk da cewa tayar da su daga tsaye yana neman fiye da haka. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiri layin dogo ke nan tun asali, domin a ja kaya mai yawa da ƙarfi kaɗan. Motar tana tafiya a kan daɓe inda robarta ke kama ƙasa, kayan kuma suna kan ƙarfe inda ba su da turjiya, ka ga an ba ta dukkan sauƙin da ake iya ba ta.

Irin wannan ne ya faru a 2006 a Ingila, lokacin da Volkswagen Touareg ta ja jirgin Boeing 747 mai tan 155. Ita ba a-kori-kura ba ce, amma labarinta ya bayyana wani abu da ba a cika faɗa ba: sai da aka ƙara mata ƙarafa masu nauyin fiye da tan huɗu domin tayoyinta su danne ƙasa su daina sulɓi.

Idan ja ba shi ne mai wuya ba, mene ne mai wuya?

Tsayawa, da jure zafi, da riƙe hanya. Direban da ya taɓa saukowa gangara mai tsawo da lodi ya san yadda birki ke ɗaukar zafi har ya fara wari, a taka shi ya yi laushi kamar ba ya nan. Ya san yadda allurar zafin inji ke hawa a tudu da tsakar rana, da yadda tirela ke fara kaɗa wutsiya idan babbar mota ta wuce ta da gudu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da jan kumbo na minti biyar a saurin ƙafa zai gwada.

Shekaru da yawa kowane kamfani a Amurka yana auna ƙarfin jan motarsa yadda ya ga dama, yana ƙara lamba duk lokacin da abokin hamayya ya ƙara tasa. Wannan ne ya sa ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar da ma'auni mai suna J2807 a 2008. Toyota ta fara aiki da shi a motocin 2011, Ford da General Motors da Ram kuma suka bi sahu a ƙananan motocinsu na 2015. A ƙarƙashinsa dole mota da cikakken lodinta ta hau tudun Davis Dam a jihar Arizona, hawan kusan kilomita 18, a zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ciki tana aiki iyakar ƙarfinta, gudunta kuma kada ya sauka ƙasa da kilomita 64 a awa, ba tare da inji ya yi zafi ko wata fitilar gargaɗi ta kama ba. Dole ta tashi daga tsaye a kan hawa mai kashi 12 cikin ɗari sau biyar cikin minti biyar, da gaba da kuma da baya, sannan ta kai gudun kilomita 97 a awa cikin daƙiƙa 30. Akwai gwajin birki da na kaɗawar tirela. Wannan gwaji ba shi da daɗin kallo, shi ya sa ba kasafai ake gina talla a kansa ba, amma lambar da ta fito daga cikinsa ita ce wadda mai mota zai iya dogara da ita da ransa da na fasinjansa.

Gasar ja-in-ja tsakanin motoci biyu tana nuna wadda ta fi ƙarfin inji?

Ba ta nunawa. Idan aka ɗaure motoci biyu baya da baya, wadda tayoyinta suka fi danne ƙasa ita ke yin nasara, kuma abin da ke kawo haka shi ne nauyi, da irin taya, da yawan ƙafafun da ke ja, har ma da tsayin wurin da aka ɗaura igiyar, domin motar da maɗaurinta ya fi tsawo tana ɗaga bayan ɗayar ta rage mata kamun ƙasa. A watan Nuwamba na 2019 kamfanin Tesla ya nuna bidiyon a-kori-kurarsa mai aiki da lantarki, Cybertruck, tana jan F-150 tana hawa tudu da ita, nan da nan masana suka lura cewa motar Ford ɗin ta fi rashin nauyi nesa ba kusa ba, kuma da alama da ƙafafun baya kaɗai take ja.

Bayan shekara huɗu kamfanin ya sake fitar da wani bidiyo, inda Cybertruck ta tsere wa Porsche 911 alhali tana jan wata Porsche 911 a tirela, aka kuma gabatar da abin a matsayin tseren rubu'in mil, wato kusan mita 400. Injiniya Jason Fenske, mai tashar bayanin injiniyanci a YouTube, ya bi alamomin da ke jikin filin tseren ya nuna cewa a rabin wannan nisa aka kammala. Bambancin yana da muhimmanci, domin motar lantarki ta fi ƙarfi a tashin farko, Porsche ɗin kuwa sai tafiya ta miƙa take cin nisa.

An taɓa kama wani kamfani da maguɗi ƙarara?

An taɓa. A wani tallan Nissan Frontier, wanda aka ɗauka kamar wani ɗan kallo ne ya ɗauka da wayarsa, an nuna wata ƙaramar motar yashi ta maƙale a tsakiyar tudu mai tsayi, sai a-kori-kurar ta taho da gudu ta tura ta har saman tudun, mutane suna ihun mamaki. A watan Janairu na 2014 hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka, FTC, ta bayyana cewa da igiyoyin ƙarfe aka ja motocin biyu zuwa sama, an kuma yi dabarar ɗauka domin tudun ya fi yadda yake miƙewa. Nissan da kamfanin tallan da ya shirya shi, TBWA, sun amince da sharaɗin cewa ba za su ƙara amfani da gwajin bogi wajen nuna ƙarfin a-kori-kura ba. Abin lura shi ne hukumar ba ta damu da tallan saukar jirgi ba, saboda babu mai hankalin da zai ɗauke shi gaskiya. Na tudun yashin ne ya yi kama da abin da zai iya yiwuwa, kuma nan ne yaudara take.

Tun kafin wannan, a 1990, an ɗauki wani tallan Volvo a birnin Austin na jihar Texas, inda ƙatuwar mota mai manyan tayoyi ta bi ta kan jerin motoci ta murƙushe su duka ban da Volvo. Bincike ya nuna an ƙarfafa rufin Volvo ɗin daga ciki, an kuma yanke ginshiƙan rufin sauran. Volvo da kamfanin tallanta kowanne ya biya dala 150,000.

Ɗan rubutun nan da ke ƙasan allo yana wanke kamfani?

Ba koyaushe ba. Rubutun da ke cewa ƙwararren direba ne a rufaffiyar hanya, kada a kwaikwaya, gaskiya yake faɗa, kuma ya kamata a ɗauke shi da nauyinsa: an rufe hanya, injiniyoyi sun auna komai, akwai motar asibiti a gefe, an kuma maimaita ɗaukar sau da yawa an zaɓi mafi kyau. Amma tallan Nissan ma yana ɗauke da rubutun da ke cewa ƙirƙira ce, wanda ya bayyana na 'yan daƙiƙoƙi a farko, kuma hakan bai hana hukuma kama shi ba. A Birtaniya ma'aunin ya wuce batun gaskiya da ƙarya, domin a Nuwamba na 2023 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasar ta haramta wani tallan Hilux da ya nuna ayarin motoci suna keta daji da kogi, bisa dalilin cewa yana ƙarfafa tuƙin da bai damu da ɓarnar muhalli ba.

Wace rawa kyamara da kwamfuta ke takawa?

Babba, ko da a tallan da ba a yi ƙarya a cikinsa ba. Karkatar da kyamara kaɗan yana mayar da ɗan hawa ya zama tsauni, ajiye ta dab da ƙasa yana ƙara wa mota girma da gudu, ƙarar injin da ake ji kuma sau da yawa daga baya ake ɗora ta. Ana goge igiyoyin tsaro da sawun tayoyin ɗaukar da ta gabata, ana ƙara ƙura da tartsatsin ruwa. A 2016 kamfanin The Mill ya fito da wata mota mai suna Blackbird, wadda ƙashi ne kawai da tayoyi, ana iya tsawaita ta ko a gajarta ta daidai da kowace mota. Ita ake tuƙawa a ɗauka, sannan a lulluɓe ta da jikin motar da ake talla a kwamfuta, har da hoton bishiyoyin gefen hanya a jikin fentinta.

Tsalle daga tudu da keta ruwa fa, mota za ta iya?

Za ta iya yi, abin tambaya shi ne halin da za ta kasance bayan nan. Motar da ta faɗo daga tsayin mita ɗaya tana bugun ƙasa da saurin kusan kilomita 16 a awa, kuma safirin da shokozoba na a-kori-kura ta yau da kullum ba su da wurin lanƙwasa da ya wuce kimanin santimita 20. Ma'ana, cikin wannan ɗan taƙi dole su shanye bugun da ya ninka nauyin motar sau biyar ko fiye, abin da ya rage kuma ya wuce zuwa shasi. Motoci irin su Ford Raptor an ƙera su da wurin lanƙwasa fiye da santimita 30 domin gudu a hamada, amma su ma suna da iyaka. Talla yana yankewa da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa, ba ya bin motar zuwa gareji, kuma masu shirya shi kan tanadi mota fiye da ɗaya.

Batun ruwa ya fi wannan haɗari, kuma ya shafe mu kai tsaye a duk damina. Zurfin da Toyota ta ƙayyade wa Hilux ta zamani shi ne santimita 70, Ford Ranger kuma 80, a ruwa mai kwanciya, ƙasa mai tauri, tafiya a hankali. Kogin da ake gani a talla an riga an auna shi da sanda, an san abin da ke ƙasansa. Idan ruwa ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska, fistin ba zai iya matse shi ba, sai sandunan ciki su lanƙwashe, injin ya mutu nan take. Ruwa mai gudu kuwa yana ɗaga mota ya rage wa tayoyi kamun ƙasa tun bai kai wancan zurfin ba, kuma babu lambar da kamfani ya rubuta da ta shafi kwazazzabon da ambaliya ta cinye ƙasansa cikin dare.

Gwajin zuba duwatsu a bodi adalci ne?

A 2015 Ford ta mayar da jikin F-150 na alminiyam, abin da ya rage mata nauyin da ya kai kilo 300. A shekarar da ta biyo baya Chevrolet ta yi tallan da aka zubo tubalan kankare masu nauyin kusan kilo 375 daga tsayin mita ɗaya da rabi a cikin bodin Silverado na ƙarfe da na F-150. Na ƙarfen ya lotsa, na alminiyam ɗin ya huje. Sakamakon gaskiya ne, sai dai an cire duk wata shimfiɗar kariya daga bodin biyu, alhali mafi yawan masu ɗaukar irin wannan kaya suna sa ta, kuma gwajin bai ce komai ba a kan tsatsa ko shan mai, inda alminiyam ke da fifiko. Kowane kamfani yana zaɓen filin da ya san zai yi kaye a cikinsa.

Ke nan sunan da Hilux ta yi na rashin mutuwa ma talla ne?

A'a, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a yi wa motocin adalci. A 2003 shirin Top Gear na BBC ya ɗauki tsohuwar Hilux mai shan gas ƙirar 1988, aka bar ta a teku igiyar ruwa ta rufe ta na sa'o'i, aka sako mata ɗakin tirela a ka, aka cinna mata wuta, daga ƙarshe aka ɗora ta a kan bene mai hawa sama da ashirin a Landan aka rushe benen da nakiya. Bakanike ya tayar da ita da kayan aiki na hannu ba tare da sauya komai a injinta ba. Ta tashi ta motsa, amma shasinta ya karye, ba motar da za a ƙara hawa titi da ita ba ce. Shaidar da ta fi wannan ƙarfi ba a gaban kyamara aka kafa ta ba. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki tankokin Libiya a Fada da wasu wurare a arewacin ƙasar a kan motocin Toyota, har aka sa wa yaƙin sunan kamfanin, kuma har yau irin waɗannan motoci ne ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku. Abin da ya ba su wannan suna shi ne sauƙin gyara, da samuwar kayan gyara, da jure shekaru a mummunar hanya, abubuwan da talla mai daƙiƙa talatin ba zai iya nunawa ba.

Mai niyyar saye, waɗanne lambobi ya kamata ya duba?

Ya buɗe ƙofar direba ya karanta allon da ke jikin ginshiƙi ko a ƙarƙashin bonet, sannan ya duba littafin motar. A nan zai ga iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, da iyakar abin da kowace ƙafa, gaba da baya, za ta ɗauka. Lodin da aka amince wa Hilux yana kusa da tan ɗaya, kuma a cikinsa ake lissafa direba da yaran mota da fasinja da duk ƙarfen da aka ƙara mata. Wato idan masara ce mai kilo 100, buhu takwas ko tara ne bayan an cire mutane. Wanda ya saba zuwa kasuwar hatsi ranar cinta ya ga abin da ake yi: buhu ashirin a bodi, mutane a saman buhunan, safirin na baya ya miƙe sumul har ya koma lanƙwasa ta ƙasa, hancin motar ya ɗaga sama, sitiyari ya yi sakayau a hannu saboda tayoyin gaba sun rage taka ƙasa. Motar za ta tashi ta tafi, kamar yadda Tundra ta tashi da kumbo, amma birkinta na tan uku ne yake ƙoƙarin tsayar da kusan tan biyar.

Wajen jan tirela kuma, tan uku da rabi da ake rubuta wa wasu nau'o'in Hilux da Ranger na tirela ce mai birkinta na kanta. Wadda ba ta da birki iyakarta kilo 750. Kimanin kashi goma cikin ɗari na nauyin tirelar yana sauka a kan maɗaurin bayan mota, don haka mai jan tan uku da rabi ya riga ya cinye kilo 350 daga lodin bodinsa tun bai ɗora buhu ko ɗaya ba. Idan motar tokumbo ce, sai a haɗa da duba shasi daga ƙasa da fitila, a nemi alamar walda ko lanƙwasa a saman ƙafar baya, a kuma karanta lambar lodin da ke jikin kowace taya, domin tayar da aka sauya da mai arha tana iya rage duk waɗancan lambobi.